Tsoffin hotunan bakin ruwa a gidajen Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan gano mutane, jirage da wurare

A gidaje da yawa na Birni, Zango da Sabon Gari akwai akwatin ƙarfe da aka tara tsoffin hotuna a ciki, kuma da wuya a rasa ɗaya ko biyu da aka ɗauka a bakin wani babban ruwa: mutum tsaye kusa da kwalekwale, mota a bisa jirgin fito, masunta suna jan koma. Damagaram ba ta da kogi, don haka irin wannan hoto kusan kullum shaidar tafiya ce da wani na gida ya yi. Waɗanda suka san labarin tafiyar suna ƙarewa, hotunan kuwa babu suna a jikinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Na tsinci irin wannan hoto a kayan kakana. Ta ina zan fara?

Juya shi ka duba bayansa kafin ka tsaya kallon fuskoki. A can ake samun hatimin mai ɗaukar hoto, sunan gari, kwanan wata, ko gaisuwa da boko ko da ajami. Idan ajami ne, kai wa malamin da ya saba da rubutun wasiƙun da, domin hannun fatake ya bambanta da na allo. Idan shekarar Hijira ce aka rubuta, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: misali 1380 za ta ba ka wajen 1960.

Sannan rubuta a takarda inda ka same shi, a akwatin wa, tare da waɗanne takardu. Kada ka raba shi da abin da ka tarar yana tare da shi. Katin soja, takardar albashi, rasit na haraji ko wasiƙar da ke cikin ambulan ɗaya da hoton sukan faɗi abin da hoton ya yi shiru a kansa.

Yaya zan gane wane ruwa ne?

Fara da tambayar inda mutanen gidanku suke zuwa. Bafatake mai kanwa da banda gabas yake yi, Tabkin Cadi. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan lakwal yamma yake yi, musamman bayan 1926 da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka mayar Yamai. Alhazan ƙasa sun ƙetare kogin Shari a Fort-Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, suka ratsa Sudan, suka hau jirgi a Bahar Maliya. Sojan Faransa ya hau babban jirgi a Kwatano ko Dakar. Ɗan ci-rani ya ga Legas, Lokoja ko Anaca. Da ka san sana'ar mai hoton, ka riga ka rage hanyoyin zuwa biyu ko uku.

Daga nan sai ka karanta ƙasar da ke bayan mutanen. Tabkin Cadi shimfiɗe yake, babu dutse a ɓangaren Nijar, sai tuddan rairayi, tsibirai da ciyayi masu tsayi a cikin ruwa, sau da yawa ma ba a hango gaɓar ƙetare. Idan akwai shanu farare masu kumburarrun ƙahoni, shanun Kuri ne, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi, domin a tabkin suke rayuwa, suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, yana da gaɓa biyu da ake gani. Wajen Ayoru da Tilaberi akwai duwatsu a tsakiyar ruwa da tsibirai da dorina. A Yamai, idan mai hoto ya fuskanci ƙetare, akan ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Wajen Gaya giginya ce ta yi yawa. Komadugu Yobe, wadda ta bi ta Difa ta faɗa tabki kusa da Boso, siririya ce, da itatuwa a gaɓa biyu, kuma da rani takan tsinke ta bar gurabe.

Kada a manta da na kusa. Tabkin Gidimuni da dabinonsa, koramun wajen Matamai da Magarya, tabkin Madarumfa a ƙasar Maraɗi, duk an ɗauki hotuna a bakinsu. Hatta tabkunan da ruwan sama ke cikawa a gefen gari sukan yi kama da babban ruwa idan mai hoto ya durƙusa. Idan ka hango manyan duwatsun nan masu santsi da aka ɗora wani kan wani, ka yi zaton gida tukuna kafin ka tafi nesa.

Akwai kuma ruwan da ba ruwa ba. Masu ɗaukar hoto a shago sukan rataya ƙyallen da aka zana teku ko jirgi a bayan mutum. Duba ƙasan ƙafafunsa: idan tabarma ce ko leda, a ɗaki aka ɗauka.

Jirgin da ke cikin hoton zai iya gaya mini wani abu?

Sosai, wani lokaci fiye da fuskar mutum. Jirgin da aka ɗaure da damman ciyawar ruwa, mai hanci a ɗage sama da gindi a datse, na Buduma ne, masu kiran kansu Yedina, kuma sunansa kadai. A Tabkin Cadi ake yin sa, a kansa aka daɗe ana ɗaukar kanwa daga gaɓar gabas zuwa Baga. Ba ya daɗewa kafin ya jiƙe ya ruɓe, don haka kada ka ɓata lokaci kana neman wanda zai gane wannan jirgin na musamman; abin da zai ba ka shi ne wuri da ƙabila. Mutum kwance bisa babbar gora yana iyo da hannu, riƙe da homa, wannan su ne irin na Yobe da gulaben ƙasar Hausa.

A Kwara kwalekwalen itace ne, wani sassaƙaƙƙe daga gungume ɗaya, wani kuma ɓari biyu da aka haɗa aka ɗinke da igiya a tsakiya saboda ƙarancin manyan itatuwa a arewacin kogin. Manyan jiragen kaya da ake kira abara daga wajen Yawuri da ƙasar Nufe suke haurowa. Sarkawa, masuntan kogin, sukan gane sassaƙar garinsu daga hancin jirgi kaɗai, kamar yadda maɗinki ke gane aikin hannunsa a rigar da wani ke sanye da ita. Duba kuma abin da ake tuƙi da shi, filafili ne ko doguwar sanda, domin sanda tana nufin ruwan ba zurfi. Injin da aka maƙala a gindin jirgi da jiragen katako masu fenti da rubutu a jiki sun yawaita ne bayan samun ƴancin kai.

Jirgin ƙarfe shi ya fi sauƙin bi, domin yakan zo da suna ko lamba, kuma gwamnati ta rubuta shi a wani littafi. Ɗauki gilashin ƙara girma ka duba hanci, gindi da tayar ceto da ke rataye. Ko harafi uku ka samu, rubuta su. A hotunan farkon zuwan Turawa jiragen ƙarfe a Tabkin Cadi ƴan kaɗan ne: akwai Léon Blot, mai tururi, wanda Bafaranshe Émile Gentil ya kai tabkin a 1897, akwai kuma jirage biyu na ƙarfe da ayarin Baturen Ingila Boyd Alexander ya biyo da su ta Yobe a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907.

Babu kwanan wata a jiki. Ta yaya zan ƙiyasta shekara?

Nemi abin da ke da ranar haihuwa. Gada ita ce ta farko. An buɗe gadar Kennedy ta Yamai a 1970. Hoton da ke nuna motoci suna jiran jirgin fito a tsakiyar Yamai ya riga wannan shekara. Gadar Gaya zuwa Malanville ta 1958 ce, ta Anaca kuwa 1965. Tutar Nijar mai ruwan lemo, fari da kore an tsayar da ita a ƙarshen 1959, saboda haka jirgin gwamnati mai tutar Faransa galibi ya girme ta. Jar hula mai tsayi a kan soja tana nuna zamanin mulkin mallaka.

Ruwan kansa ma kalanda ne. A farkon shekarun 1960 Tabkin Cadi ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000, kuma Ngigmi tana bakin ruwa. Farin 1973 ya raba tabkin gida biyu, na arewa ya riƙa ƙafewa, farin 1984 ya ƙara tsananta abin. Hoton da ke nuna jirage a gindin garin Ngigmi da ruwa iya ganinka ya fi kama da kafin 1973. A Yamai kuma kogin ya tsaya cak a watan Yunin 1985, mutane suka taka da ƙafa. Wanda ke da hoton rairayi tsirara ƙarƙashin gada ya fara tunanin wannan shekara.

Lokacin shekara ma ana iya gane shi. Gawo yana kakkaɓe ganye da damina ya yi kore da rani. Kwara a Yamai takan cika da jan ruwa a Agusta da Satumba, ta sake cika wajen Janairu da ruwan da ya taso daga Gini, ta yi ƙasa ƙwarai a Mayu da Yuni.

Takardar hoton tana taimakawa, amma kaɗan. Baƙi-da-fari mai baki tsaga-tsaga ya yi tashe daga shekarun 1940 zuwa 1960. Mai launi ya bazu a wajenmu daga ƙarshen shekarun 1970. Jan kwanan wata a kusurwa na shekarun 1980 da 1990 ne, kuma kada ka amince da shi ido rufe, domin masu kyamara da yawa ba su taɓa saita agogon ba. Ka tuna kuma ana sake wanke tsohon hoto a sabuwar takarda.

Yaya zan tambayi tsofaffi har in samu suna?

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin gaggawa a ɓata. Abu na farko, kada ka saka wa dattijo amsa a baki. In ka ce, "Kaka, wannan ba Baba Alhaji ba ne?" to da wuya ta ce a'a, ko don kara ko don idonta ya yi rauni. Miƙa mata hoton a wuri mai haske, ka ce, "Kaka, duba mini wannan, ko kin san wani a ciki?" Sannan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, amma a cikinsa sunaye ke fitowa.

Kai mata kwafi da aka ƙara wa girma a takarda. Fuska a gilashin waya ƙarama ce ga idon mai shekara tamanin, kuma hoton yakan gudu da zarar yatsa ya taɓa. Tambayi mutane ɗaya-ɗaya, a rana daban, kafin ka haɗa su. Idan ka tara su wuri guda, wanda ya fi girma zai yi magana, saura su ce haka ne.

Fara da mata. Su ne suka riƙe lissafin aure, haihuwa, goyo da zumunta, kuma sukan gane mutum daga zanen da ya ɗaura ko kitson da ke kanta. Amma ka san al'ada: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan" ko ta kira shi da laƙabi. Kada ka matsa mata. Rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa, ka nemi sunan yanka wajen ƙanwarta ko kishiyarta.

Idan babu wanda ya gane fuska, sauya tambayar. Wa ya taɓa zuwa tabki a gidan nan? Da wa ya tafi? Me ya kawo tsaraba? Wa aka haifa yana can? Tsofaffi ba sa lissafi da lambar shekara, da abin da ya faru suke yi: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, zamanin Sarki Barma Mustafa, lokacin Sawaba da ƙuri'ar 1958, hawan Kunce a 1974, yunwar ƴar Buhari ta 1984. Rubuta yadda suka ce, daga baya ka mayar lamba.

Akwai masana da ake mantawa da su. Wanzami yana karanta zanen fuska, ya gaya maka wannan askar Barebari ce, wannan ta Gobirawa, wannan ta Daurawa, wani lokaci har zuriya. Maroƙa da masu kirarin fada sun haddace salsalar gidaje. Tsoffin direbobin hanyar Difa sun san kowane mashigi. Masu sayar da banda a kasuwar Dole da yawansu sun yi zama a tabki. Kuma tun 2015, da hare-hare suka tashi mutanen Boso, Difa da tsibirai, akwai dattawan can da ke zaune a cikinmu. Je musu da ladabi, ka tuna hoton garin da aka raba mutum da shi yana iya sa shi kuka, ka ba shi lokaci.

In sun yarda, ɗauki muryarsu a waya. Ka tafi da goro, ka koma ka gaya musu abin da ka gano.

Dattawa biyu sun ba ni suna daban-daban. Wanne zan ɗauka?

Rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Sannan ka auna: wa ya ga mutumin da idonsa, wa ya ji a bakin wani? Shekarun wanda aka ambata sun dace da zamanin hoton? Mutumin da aka haifa bayan tafiyar Turawa ba zai tsaya da gemu kusa da jirgi mai tutar Faransa ba. Wa da ƙane sukan yi kama, ɗa ma yakan ɗauko fuskar uba.

A takardarka ka raba abu uku: wanda ka tabbatar da shaidu biyu da ba su haɗa baki ba, wanda ake kyautata zato, da wanda ba a gano ba tukuna. Ina roƙon kowa ya riƙe wannan da gaske. Sunan ƙarya a bayan hoto ya fi rashin suna illa, domin jikoki za su karɓe shi a matsayin gaskiya, kuma mai fuskar na ainihi ya ɓace ke nan har abada.

Katin gidan waya ne na zamanin Turawa, da rubutu a ƙasa. Zan dogara da rubutun?

Ka ɗauke shi a matsayin shaida ɗaya. Masu buga katin sukan sayi hoto a hannun soja ko ɗan kasuwa, su sa masa sunan garin da ya fi sayuwa, kuma hoto ɗaya yakan fito da sunan wuri biyu. Abin da ya fi ciwo shi ne za a rubuta sunan kumandan da sunan jirgi, masu tuƙin guda goma kuwa a kira su "ƴan ƙasa" kawai. Waɗannan mutane suna da iyaye da garuruwa, kuma wasunsu suna da jikoki a raye. Neman sunayensu aiki ne da ya cancanci wahala.

Katin kansa yana da alamun zamani. Wanda aka raba bayansa gida biyu, saƙo a hagu adireshi a dama, ya fara a ƙasashen Faransa daga 1904. Kan sarki mai rubutun Haut-Sénégal-Niger ya riga shekarun 1920. Mai Territoire du Niger na 1921 ne zuwa sama. A 1926 aka fito da jerin da ke ɗauke da hoton rijiya, jirgin Zabarmawa da ganuwar sojan Damagaram. République du Niger kuwa daga 1959. Hatimin gidan waya yana faɗin ranar da aka aika katin ne kawai, hoton na iya girme shi da shekara goma ko fiye.

Ayari biyu sun bar hotuna da yawa na hanyarmu: na Kyaftin Tilho, wanda ya shata iyakar Nijar da Nijeriya daga Kwara zuwa Tabkin Cadi tsakanin 1906 da 1909, da ayarin motocin Citroën da ya biyo ta Yamai, Tasawa, Damagaram da Ngigmi a ƙarshen 1924. Idan hotonka yana da mota mai sarƙa a ƙafafun baya kusa da ruwa, duba na biyun.

Manhajojin waya masu gyara tsohon hoto fa?

Google Lens yana da amfani idan hoton ya taɓa fitowa a littafi ko intanet, kamar katin gidan waya ko babban jirgi. Ga hoton gida ba ya sanin kowa.

Masu "gyara fuska" da sa launi kuwa ina jan kunne a kansu. Ba sa dawo da abin da ya goge, ƙirƙirar sabo suke yi. Sukan share zanen fuska suna ɗaukarsa tabo ne, su sauya ido da hanci, su ba riga launin da ba nata ba, su mayar da harafin jikin jirgi wani harafi. Wato suna goge ainihin shaidun da kake nema. In kana son na ado ka rataya a ɗaki, yi, amma tsofaffi asalin za ka nuna musu.

In saka a Facebook ko WhatsApp in tambayi jama'a?

Yana aiki, musamman wajen gane wuri, amma nemi izinin manyan gida tukuna, balle in akwai matan aure a hoton. Saka gaba da baya, ka ba kowane mutum lamba daga hagu zuwa dama, ka faɗi abin da ka riga ka tabbatar, ka ɓoye zatonka. Duk wanda ya ba da suna, tambaye shi ta yaya ya sani. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ƙananan rubutu su ɓace. Hoton da ke da soja ko wanda rikicin siyasa ya shafa, a yi shawara da iyalinsa kafin a watsa.

Akwai ma'ajiyar da zan nema?

A Yamai akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, da gidan tarihi na Bubu Hama. A nan gida, malaman tarihi da na labarin ƙasa a Jami'ar André Salifou da dattawan fadar Sarkin Damagaram su ne na kusa. A intanet, Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa da ma'ajiyar ANOM da ke Aix-en-Provence suna da hotuna da taswirori da ake dubawa kyauta. Da Faransanci za ka nema, da rubutunsu na da: Zinder, N'Guigmi, Tchad, Komadougou, tare da pirogue (kwalekwale), bac (jirgin fito) ko chaland (jirgin kaya). Don hotunan Kwara, aikin Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar fim, yana da amfani, domin ya bi kogin a kwalekwale a 1946 zuwa 1947, ya kuma ɗauki Sarkawan Ayoru suna farautar dorina.

In je wurin da kaina in gwada da hoton?

Gidimuni, Madarumfa ko bakin kogi a Yamai, je ka tsaya inda mai hoto ya tsaya, ka daidaita tudu da tudu, domin gini da itace suna sauyawa amma tudu yana nan. Tabkin Cadi, bakin Komadugu da wajen Ayoru kuwa ba wuraren zuwa ba ne yanzu ba tare da shawarar hukuma da mutanen wurin ba. Aika kwafi ga wanda ke can ya fi.

Yaya zan adana shi bayan na gano?

Kada ka manne shi a leda da zafi, ba ya ɓaruwa kuma yana cin fuskar hoton. Kada ka sa salatif, kada ka yi rubutu da biro. Rubuta da fensir mai taushi a gefen baya, ko a takarda dabam mai lamba ɗaya da hoton. Sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laimar damina, nesa da bangon da rana ke duka. Hotunan da suka manne da juna kada a ja su da ƙarfi. Ɗauki kowanne da waya a inuwa, ba walƙiya, gaba da baya, ka ba aƙalla mutum biyu na dangi kwafi tare da sunayen da muryoyin da ka ɗauka, ɗaya daga cikinsu a wani gari.